Rasuwar 'Yar Lemo, Igiyar Hawan Kurege

Da zuciya cike da baƙin ciki, da tafin hannu da har yanzu yake laluben abin da babu, Kurege mai gyaran bishiyoyi, a madadin kansa da yayansa da maiɗakinsa da duk kayan aikin da ke bayan motarsu, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da masu gidajen da aka taɓa rage wa rassa, rasuwar igiyarsa ta hawa, wadda aka fi sani da 'Yar Lemo. Ta rasu da hantsin ranar Talata a kan teburin ɗinkin maiɗakinsa, bayan doguwar jinyar da mai ita ya daɗe yana cewa ba jinya ba ce. Ta rasu a hannunsa, kuma da hannunsa, kamar yadda za a ji a gaba.

Ga waɗanda ba su san Kurege ba, shi ne siririn mutumin nan da ake kira idan reshe ya kwanta a kan rufin gida ko ya toshe wa taga haske. Yakan hau bishiya da zarto a ƙugu, ya rage abin da ya kamata a rage, ya sauko ya bar bishiyar da ranta. Yayansa, wanda kowa ke kira Yaya har da waɗanda suka girme shi, shi ne mai tsayawa a ƙasa. Shi ke karɓar rassa, shi ke korar masu kallo, shi ke naɗe igiya. Yaya bai taɓa hawa abin da ya fi kujera tsawo ba, kuma ba ya jin kunyar faɗin haka. Tsakanin na sama da na ƙasa, marigayiya ce ta yi shekaru tana riƙe da zumunci.

Ba ita ce igiyarsa ta fari ba, kuma adalci ne a ambaci waɗanda suka riga ta don a san darajarta. Ta farko ya saye ta ne saboda kyau. Shuɗiya ce mai laushi kamar gyale, kuma mai sayarwa ya rantse masa cewa masu hawan duwatsu da ita suke alfahari. Bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba shi ne, igiyar masu hawan dutse an yi ta ne don ta miƙe idan mutum ya faɗo. Ranar da Kurege ya fara gwada ta, ya rataya ta a reshe, ya ja, ya sake ja, ya ƙara ja har gumi ya keto masa, ƙafafunsa kuwa suna nan a ƙasa inda ya bar su. Mai gidan da ya kira su ya leƙo ta taga ya tambaya ko sai gobe za a fara. Da ya samu ya hau kuma, sai ta riƙa wasa da shi sama da ƙasa kamar ƙwallon roba, ga injin yanka yana ruri a hannunsa. Ya sauko, ya mayar da ita jaka, bai sake yi mata magana ba.

Ta biyu ba ta miƙewa, wannan kam ya yaba mata. Laifinta ɗaya, koriya ce shar. Da zarar ta shiga ganye sai ta ɓace, mai ita ma sai ya shafa ƙugunsa kafin ya san ta ina ta bi. Wata rana Yaya ya ɗaga adda zai daddatsa wani reshe da aka sauko da shi, sai ya ga ganyen yana motsi shi kaɗai. Ashe igiyar ce a ciki, ɗaya ƙarshen kuma ƙaninsa ne a sama. Ranar Yaya bai ci abincin rana ba, abin da ba a taɓa gani ba.

Wannan ne ya kai su shagon Baba, wani tsohon mai hawa da ya koma sayar da kayan aiki tun da wata bishiya ta sallame shi ba shiri, ta bar masa ɗingishi. Shagon ɗan ƙarami ne, ƙusoshi da kwaɗo da gwangwanayen fenti a gaba, igiyoyi can ciki a nannaɗe kamar macizai masu barci. Baba bai nuna musu ko ɗaya ba sai da ya gama da Kurege. Ya kama tafin hannunsa ya jujjuya, ya sa ya dunƙule ya buɗe, ya tambaye shi da wane irin ƙulli yake hawa, da kuma bishiyar da ta fi kowace tsawo cikin waɗanda yake yi wa aiki.

"Baba, igiya na zo saya, ba aure na zo nema ba," in ji Kurege.

"Da aure ne ai da sauƙi," in ji Baba. "Can idan an ɓata ana zama a sasanta. Nan idan an ɓata, ƙasa ce ke yin sulhun."

Sannan ya nuna wani ƙarfe da ya gitta rufin shagon, ya ce shi ba ya sayar wa mai hawa igiyar da bai rataya a jikinta ba. Kurege ya ɗaura ɗamararsa, ya kifa hular kwano, aka jefa ta farko a ƙarfen. Mai kauri ce, ta cika masa hannu sarai, amma da Baba ya ɗora masa naɗin duka a kafaɗa sai ya ji kamar an ce ya hau bishiya da buhun siminti. Aka jefa ta biyu, siririya marar nauyi, wadda Kurege ya fara yi wa murmushi tun kafin ya hau. Bai daɗe a sama ba yatsunsa suka ƙage, ƙullinsa kuma ya ƙi cizo. Ya fara zamowa a hankali, cikin mutunci, yana kallonsu suna kallonsa, har ya zauna a cikin bokitin ƙusoshi.

Yana sama karo na uku wata mata ta shigo sayen kwaɗo. Ta ɗaga kai ta ga magidanci yana reto a saman kanta, ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, "Baba, shi ma na sayarwa ne?"

"Ajiya ce," in ji Baba. "Matarsa za ta zo ta karɓa."

Daga ƙarshe Baba ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin kanta ya buɗe, shagon ya yi haske. Launinta na lemo ne mai kashe ido, har Yaya ya kare fuska da hannu. Kaurinta ya yi na ɗan yatsan Kurege, ba ƙari ba ragi. Baba ya ɓare bakinta ya nuna musu yadda aka yi ta: riga a waje, saƙaƙƙiya tsaf, ita ke shan gogar reshe, da ɓargo a ciki, farin zare murɗaɗɗe, su biyun suna raba nauyin mutum a tsakaninsu. Kurege ya taɓe baki ya ce launin ya yi surutu, shi ba mai tallan alawa ba ne.

"Ɗana, idan zarto yana hannunka, igiya mai surutu kake so," in ji Baba. "Hau ka ji."

Ya hau. Ya ja ta kamu ɗaya, ta ɗaga shi kamu ɗaya, ba ta ci masa ko kaɗan ba. Ya saki hannu, ƙullin ya cije nan take. Ya taɓa ƙullin da yatsa biyu, ya sake shi sumul kamar an shafa mai. Kurege ya jingina da iska, ya harɗe ƙafafu, ya zuba wa rufin shagon ido kamar wanda ya dawo gida daga doguwar tafiya. Sai da Baba ya ce zai rufe ya je cin abinci sannan aka samu ya sauko.

Wajen auna tsawo Baba ya ce a ninka tsawon babbar bishiyar nan biyu, tunda igiya hawa take yi ta zagayo reshe ta dawo, sannan a ƙara wani abu a kai, kada wata rana mutum ya zo ƙarshenta alhali ƙasa tana can nesa tana jiransa. Yaya, wanda ba ya son ɓarna, ya tambaya ko za a iya riƙa sauko da gungume da ita a ranakun da ba a hawa sosai. Baba ya kalle shi tun daga hula har takalmi, ya ce gungume yana da tasa igiyar, kuma duk ranar da ya ji an ɗaura wa wannan itace, kada ɗayansu ya sake tako masa shago ko da sayen ƙusa ne. A mota, tun kafin su kai gida, Kurege ya raɗa mata suna.

Marigayiya ta kasance mai riƙon amana, mai kawaici, marar son jiki. Ba ta taɓa harɗewa a cikin jaka don ta ɓata wa mutane safiya ba. Ba ta taɓa ɓuya a cikin ganye ba, daga ƙarshen layi ma ana hango ta, har masu neman Kurege suka daina kiran wayarsa, sai dai su fito titi su duba sama. Ta sha ruwan sama, ta sha ƙaro, ta sha kashin tsuntsaye iri-iri, ba ta taɓa kai ƙara ba. Ba mai yawan magana ba ce. Idan ana zaro ta daga jaka takan ce shuuu, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Idan ta ɗauki nauyi a kan busasshen reshe takan ce ƙiii, sau ɗaya, don a san tana nan. Idan an tashi aiki aka janyo ta daga sama, takan zubo ta ce tim a kan ciyawa, wani lokaci a kan Yaya.

Shi ma Kurege bai rage ta da komai ba. Ba ya bari ta kwana kusa da jarkar fetur. Ba ya bari a taka ta, kuma ya taɓa ɗaga ƙafar wani mai gida da hannunsa ya ajiye gefe, mutumin yana tsakiyar magana. Idan ta yi datti yakan yi mata wanka a baho da ruwa zalla, ya shanya ta a inuwa don rana ba ta yi mata daɗi. Inuwar da ta fi kusa kuwa falo ce. Sai a wayi gari an zagaye falon da ita daga ƙusar labule zuwa ƙofar kicin, mutanen gida suna sunkuyawa kamar masu gaisuwa, baƙi suna tambaya ko wani abin farin ciki ne ya samu.

Babbar ranarta ta zo ne a jikin wani tsohon mangwaro da ke bayan wani gida mai bene. Kurege yana tsaye a kan wani reshe mai kaurin cinya, wanda daga waje lafiyayye ne, ashe cikinsa duk ya zama gari. Bai ji gargaɗi ba, ɓas kawai ya ji, abin da yake takawa ya tafi. Ya faɗo kamar tsawon hannu, sai ta ce ƙiii, ta tsaya, shi ma ya tsaya. Ta yi lilo da shi ƙafafu a sama kai a ƙasa, ta kai shi daidai wata taga a bene inda wani dattijo yake aske gemu a gaban madubi. Suka haɗa ido. Dattijon ya sauke reza.

"Ina kwana," in ji shi.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. An tashi lafiya?" in ji Kurege, jini yana taruwa a kansa.

"Lafiya ƙalau. Yaya aiki?"

"Da godiya."

Lilon ya ɗauke shi, ya dawo da shi, dattijon ya tambaye shi mutanen gida. A ƙasa kuwa reshen ya fasa wata tukunyar fure, Yaya yana zaune daɓas a kan ciyawa. Sun yi dariyar wannan rana har sun gaji, kuma duk inda aka zauna sai an sa Kurege ya maimaita gaisuwar. Amma da suka koma gida ran nan bai iya cin abinci ba. Ya zauna a bakin ƙofa da jakar a gabansa, ya bi ta da yatsu daga wannan baki zuwa wancan, yana yi yana sakewa, maiɗakinsa tana kallonsa daga bakin keken ɗinki. Washegari Baba ya duba ta ya ce lafiyarta lau, ta koma bakin aiki.

Ciwon ajali ya fara ne a hankali. Rigarta ta fara fitar da gashi, Kurege ya ce alamar ƙwarewa ce. Launinta ya koɗe daga lemo ya koma kamar shayi da madara, ya ce ta natsu ne, ta bar yarinta. Ta yi tauri a wasu wurare, ya ce ai kowa ma haka yake ji da safe. Duk lokacin da Yaya ya ce a kai ta wurin Baba, sai Kurege ya tuna da wani aiki na gaggawa a ɗaya gefen gari.

Ranar Litinin suka je wani gida da bishiya ta jingina da rufin kicin. Yaya yana zaro ta daga jaka, tana wucewa ta tafinsa kamar kullum, sai yatsansa ya ci karo da baƙin salatif daidai tsakiyarta. Ya ɓare. A ƙarƙashi rigar ta tsage, fararen zarurrukan ɓargo suna leƙowa, wasu ma sun tsinke. Ya mayar da ita jaka, ya zuge, ya ajiye jakar a gindin bishiyar, ya zauna a kai. Yaya kuwa mutum ne da idan ya zauna a kan abu, abin ya zaunu.

"Yaya, tashi mana, rana tana yi."

"Ina jin daɗin nan."

"Ƙarcewa ce kawai. Zarton hannu ne ya ɗan shafe ta ranar da aka yi iska. Na duba."

"Ka duba, ka naɗe ta da salatif kamar wayar rediyo."

"Ai na yi ta hawa da ita bayan nan. Me ya faru?"

"Tunanin haka ne ya kashe mini ƙafafu. Shi ya sa ka gan ni a zaune."

Matar gidan ta fito da kofunan shayi a faranti, ta ga ɗaya a zaune ɗaya yana zagaya shi, ta tambaya ko lafiya. Yaya ya karɓi kofi ya ce lafiya lau, ƙaninsa ne yake so ya faɗo mata a kan kicin, shi kuma yana ganin rufin bai yi musu laifin komai ba. Ta dubi rufin, ta dubi Kurege, ta ce ita ba sauri take yi ba, bishiyar ta daɗe a nan.

Kurege ya kama hannun jakar ya ja. Ya kafa ƙafa ya sake ja. Yaya ya kurɓi shayi. Sai da ƙanin ya gaji yana haki, sannan Yaya ya ajiye kofin, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda matar ba za ta ji ba.

"Ni ne a ƙasa, Kurege. Kai idan ka faɗo ba za ka ga komai ba. Ni zan gani. Ni ne kuma zan je in ƙwanƙwasa ƙofar gidanka."

Kurege ya saki hannun jakar.

Aka garzaya da ita wurin Baba. Ya shimfiɗe ta daga cikin shago har bakin titi, ya rufe ido, ya bi ta da yatsu yana lanƙwasawa. Lafiyayyar igiya idan an lanƙwasa ta takan yi zobe. Da ya zo wurin ciwon sai ta karye ta kwanta kamar tiyon da aka taka. Kurege ya yi sauri ya ce to a raba ta biyu a nan, ya samu gajeru biyu na ƙananan bishiyoyi. Baba ya ci gaba da tafiya da yatsunsa. Ya nuna masa wani wuri da ya yi sheƙi saboda zafin goga ya narkar da zaren. Ya nuna masa wani da ya rame. Ya kai wani wurin kusa da hancinsa, ya miƙa wa Yaya, Yaya ya shinshina ya kawar da kai, don ya san wanda ya taɓa ajiye jarka a inda bai kamata ba.

"Ba wuri ɗaya ba ne, ɗana. Ta gaji."

"Babu abin da za a iya yi, Baba?"

"Akwai. A yanka ta gunduwa-gunduwa, kada wani ya tsince ta ya ga kamar tana da sauran kyau."

Kurege bai yarda da maganar likita ɗaya ba. Da hantsin Talata ya ɗauko jakar ya shiga ɗakin ɗinki, ya ture yadudduka gefe, ya kwantar da marar lafiya a kan tebur. Ya tuna wa maiɗakinsa cewa ita ce ta ɗinke tantin motarsu, ita ce ta gyara jakar fata da kowa ya ce ta mutu, kuma a duk layin babu mai allura irin tata. Ta tsayar da keke, ta saka tabarau, ta duba ciwon da kyau kamar da gaske za ta karɓi aikin.

"Me ake ratayawa a jikinta?" ta tambaya.

"Kin sani mana."

"Ina so in ji."

"Ni."

"To, Baban yara, ni riga nake ɗinkawa. Idan riga ta ɓarke a dawo mini da ita in gyara. Kai idan ka ɓarke, wurin wa zan kai ka?"

Ta tashi ta kwashe kayan teburin, ta ɗora katako, ta kawo wuƙar da ta fi kowace kaifi a gidan ta saka masa a hannu. Sannan ta ja kujera kusa da shi ta riƙe ɗaya gefen igiyar. Ya daɗe wuƙar tana kan rigar bai danna ba. Ba ta ce ya yi sauri ba. Da ya danna, marigayiya ta ce ƙyat, kuma wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Yankan farko ne mai wuya. Bayan shi sai Kurege ya fara gane wurare. Ya ce wannan tabon na bishiyar makaranta ne, wannan baƙin na ranar da zuma ta kore su ne, wannan kuma nan ne wani kare ya kama ya ƙi saki har aka ɗaga shi sama. Maiɗakinsa, wadda ba ta iya ganin zare yana warwarewa ta ƙyale, ta kunna kyandir tana ƙona bakin kowace gunduwa. Kafin a kai ƙarshe tana dariya har da riƙe ciki, shi kuma yana dariya yana share ido yana cewa hayaƙin ne. Yaya ya iso ana tsakiyar yi, ya cire hula ya tsaya a bakin ƙofa na ɗan lokaci, sannan ya tambaya ko an sauke abinci.

Marigayiya ta rasu ta bar ɗamarar hawa, abokiyar zamanta, wadda tun ranar take rataye a ƙusa ba ta ce uffan ba. Ta bar hular kwano, da ƙugiyoyi masu makulli da suka yi shekaru suna sumbatar ta, da 'yar siririyar igiyar jifa da ke riga ta hawa kowace bishiya don ta share mata hanya. Ta bar babbar yayarta, baƙar igiyar sauke gungume, wadda ba su taɓa yin musayar aiki ba ko da na yini ɗaya. Ta kuma bar zarton hannu. Iyali suna sane da maganganun da ake yi a kansa, kuma suna roƙon jama'a su bar wannan magana. Zarto bai taɓa ɗaga kansa da kansa ba, kuma wanda ya ɗaga shi yana cikin masu makoki.

Game da wadda za ta gaje ta, an koma shagon Baba, inda aka samu labarin cewa kamfanin ya daina yin irinta. Kurege ya wuni yana kushe igiyoyi. Wannan ta yi santsi, waccan ta yi nauyi, wata kuma bai san laifinta ba amma bai yarda da ita ba. Guda ɗaya ce ta cika masa hannu, ta ƙi miƙewa, ƙullinsa ya cije ta ya kuma sake ta yadda yake so. Launinta ruwan hoda ne mai ratsin rawaya. Yaya ya yi dariya har ya jingina da gwangwanayen fenti suka zube. Kurege ya tambayi Baba ko akwai wani launi, Baba ya ce akwai kore. Aka naɗe mai ruwan hoda. Har yanzu bai raɗa mata suna ba, waccan yake ce mata, kuma yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa tana da taurin kai, tana murɗewa, ba ta san magana ba. Sai dai maiɗakinsa ta ce ta hango shi ta taga ya buɗe bayan mota yana gyara mata kwanciya.

Za a yi bankwana da marigayiya ranar Asabar da safe, a rumfar da ke bayan gidan Kurege inda ake ajiye kayan aiki. Iyali suna godiya ga maƙwabcin da ya nemi a ba shi ita don shanya, da wanda yake so ya riƙa jan motarsa da ita, da wadda take so ta ɗaura wa jikokinta lilo. Suna sanar da su cewa babu gunduwar da ta wuce tsawon hannu, kuma da gangan aka yi haka. Maiɗakin Kurege ta kawo shawarar a saƙa tabarmar goge ƙafa da ita, Kurege ya ce wadda ta yi rayuwarta a sama ba za a taka ta a bakin ƙofa ba. An daidaita a kan cewa za a yi hannuwan bokitai da na akwatunan kayan aiki da ita, ta ci gaba da ɗaukar nauyi, amma ba nauyin da ke da iyali ba.

Ana roƙon masu zuwa kada su zo da igiya a matsayin gudummawa. Ana kuma roƙon kada kowa ya ce ai igiya ce kawai. Mutum ɗaya ya riga ya faɗa, kuma shi da kansa zai iya ba da labarin yadda gaisuwarsu take yanzu.

Za a tashi da wuri, domin akwai wata bishiya a ƙarshen layi da iska ta karya wa kafaɗa, kuma mai gidan ya gaji da kwana da ido ɗaya. Wanda ya makara ya same su can. Yaya zai karɓi gaisuwa a ƙasa, daga bayan jan ƙyallen da za a shata, kuma kada kowa ya tsallaka shi komai zafin alhininsa. Mai son ya yi wa Kurege ta'aziyya baki da baki kuwa, ya ɗaga kai ya nemi ruwan hoda a cikin ganye, ya jira injin ya yi shiru, sannan ya ɗaga murya.